Rumfar Manya Da Ƙofar Talakawa: Yadda Ƙananan Hukumominmu Ke Shirya Taro

Shekaru kaɗan da suka wuce, gab da faɗuwar damina, wani aminina da ke aiki a sakatariyar wata ƙaramar hukuma ya roƙe ni in taya shi tsara jawabin da ciyaman zai karanta a bikin ƙaddamar da sayar da takin zamani ga manoma. Don in san inda jawabin zai dosa, sai ya shigar da ni zaman kwamitin shirye-shirye, na sami kujera a can baya na zauna. Ba zan ambaci sunan ƙaramar hukumar ba, domin abin da na gani a can ba nata ba ne ita kaɗai.

An shafe kusan sa'a uku ana zaman. An yi doguwar muhawara a kan wanda zai zauna a hannun daman babban baƙon da zai zo daga babban birnin jiha, da ko hakimi za a fara gaisarwa a jawabi ko ɗan majalisa. An tattauna launin rumfa, da yawan kajin da za a soya wa manyan baƙi, da makaɗin da za a gayyato, da wanda za a ba kwangilar buga huluna masu hoton ciyaman. Ana shirin shafa fatiha sai wani dattijo daga sashen lafiya, tsohon duba-gari, ya ɗaga hannu ya ce, “Ranka ya daɗe, mutum nawa muke sa ran za su zo? Kuma in an tashi, ta wace ƙofa za su fita?” Aka yi dariya. Shugaban kwamitin ya ce masa, “Haba Baba, kai kullum sai ka hango mana abin tsoro. Allah zai kiyaye.” Aka ce amin, aka watse.

Ranar taron, manoma sun fara cika filin makarantar firamare tun bayan sallar asuba, domin an yi shela a kasuwanni cewa za a ba da taki a farashi mai rahusa, ba a kuwa faɗi wanda zai samu da wanda ba zai samu ba. Katin gayyata ya ce ƙarfe goma. Babban baƙo bai iso ba sai da aka yi azahar da daɗewa. Filin yana da ƙofa biyu, amma an garƙame ɗaya da kwaɗo wai don kada yara su shigo, maigadin da ke riƙe da makulli kuma an aike shi sayen ƙanƙara. Da aka gama jawabai aka miƙa wa mutum uku ko huɗu buhu-buhu a gaban kyamara, sai ayarin motocin manya ya nufi ƙofa ɗaya tilo da ke buɗe, a daidai lokacin da raɗe-raɗi ya bazu cewa tirelar takin ma fita za ta yi. Waɗanda ke waje suka danno ciki, na ciki suka bi tirela. Ina tsaye a barandar wani aji ina kallon kawunan mutane suna kaɗawa kamar dawa a gona ranar iska. Allah ya kiyaye ɗin kuwa, ba a rasa rai ba, amma wani tsoho ya karye a hannu, mata da yawa sun suma, takalma kuma sun cika filin. Da daddare na ji a labaran rediyo cewa taro ya tashi lafiya.

Tun daga ranar na lura da abu guda a kusan duk taron hukuma da na halarta. Ana fara shirin ne daga rumfar manya, a ƙare a rumfar manya. Jama'ar da aka ce don su aka yi taron ba su cikin lissafi, sai dai a matsayin adon hoto: a cika fili don babban baƙo ya ga ciyaman yana da mutane. Ni kuwa a ganina, wanda duk zai shirya taro ya kamata ya fara tsayawa a bakin ƙofar da talaka zai shiga ya fita, daga nan ya tako a hankali, rumfar manya ta zama abu na ƙarshe da zai yi tunani a kai.

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙaramar magana ce a ƙasar da ke fama da 'yan bindiga da tsadar abinci. To a tuna da makon da ya gabaci Kirsimetin 2024. Ranar 18 ga Disamba yara 35 suka rasu a Ibadan, a wani bikin yara da aka tallata cewa za a raba kuɗi da abinci. Bayan kwana uku, a rana guda, mutum 22 suka rasu a Okija ta Jihar Anambra wajen rabon shinkafa, wasu 10 kuma a wata majami'a da ke Maitama a Abuja. Kafin nan, a watan Maris na shekarar, aƙalla mutum bakwai sun rasu a Bauchi wajen karɓar zakka, ɗalibai mata biyu kuma sun rasu a jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi wajen rabon shinkafa. A maƙwabciyarmu Nijar, a Fabrairun 2020, mutum 20, mata da ƙananan yara, sun rasu a Diffa wajen rabon tallafi ga 'yan gudun hijira. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka harba bindiga. Masu shirya su alheri suka nufa.

Bayan kowane irin wannan rashi, bayani biyu muke ji. Wasu su ce yunwa ce, wasu su ce mutanenmu ba su da haƙuri. Yunwa gaskiya ce, ita ke fito da mutum dubu goma inda aka tanadi kayan mutum dubu. Amma yunwa ba ta garƙame ƙofa, ba ita ke sa a yi shela a rediyo ba tare da an faɗi adadi ba. Batun rashin haƙuri kuwa zalunci ne ga mamatan. A 2022 mutum 159 suka mutu a wani lungu a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, matasa ne da suka fita shaƙatawa, ba mai jin yunwa a cikinsu. Masana harkar cunkoso sun daɗe da bayyana yadda abin ke faruwa. A ɗauki fili murabba'in mita ɗaya, wanda ya ɗan ɗara dardumar salla. In mutum biyu ko uku ne a tsaye a kai, kowa na iya juyawa. In suka kai biyar, an shiga haɗari. In suka kai shida ko bakwai, mutum ba shi da sauran iko da ƙafarsa, taron ne ke ɗaukarsa ya kai shi inda ya ga dama. Yawancin waɗanda ke mutuwa ba tattake su ake yi ba kamar yadda kalmar turmutsitsi ke sa mu zato. Ƙirjinsu ake matsewa har numfashi ya gagara, wasu ma a tsaye suke cikawa. Na baya da ke turowa bai san abin da ke faruwa a gaba ba, shi dai ya ga layi ya motsa. Saboda haka wanda ya tara mutane a wurin da ba zai ɗauke su ba, shi ya haɗa musibar tun kafin kowa ya tura kowa. Yara da mata da tsofaffi ne kuma ke fara tafiya, domin ƙirjinsu ne a ƙasa.

Na san ba ƙananan hukumomi ne suka shirya tarukan da na lissafa ba. Amma kowannensu a cikin wata ƙaramar hukuma ya faru, a unguwar da ke da kansila da mai unguwa da ofishin 'yan sanda. Nauyi biyu ke kan ƙaramar hukuma a nan. Na farko, tarukan da ita da kanta take shiryawa: rantsar da shugabanni, ƙaddamar da ayyuka, rabon taki da kayan azumi, bikin ranar yara, tarbar gwamna, gasar ƙwallo. Na biyu, tarukan da wasu ke shiryawa a ƙasarta: maulidi, wa'azin ƙasa, saukar karatu, rabon zakkar attajirai, gangamin siyasa, dambe da kokawa, har da cin kasuwar mako, wanda shi ne taro mafi girma da yawancin garuruwanmu ke gani sau hamsin da biyu a shekara. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi 774 kula da kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a da kwashe shara da tituna na cikin gari, ya kuma ba su hannu a harkar kiwon lafiya. In aka duba da kyau, waɗannan su ne kayan haɗin kowane taro: inda za a tsaya, inda za a ajiye mota, inda za a kewaya, wanda zai duba wanda ya faɗi, wanda zai share fili kashegari.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ilimin nan yana nan cikin sakatariyar, ofis biyu ko uku daga ɗakin da kwamitin biki ke zama. Duk wanda ya ga yadda aka gudanar da rigakafin shan-inna ya ga tsari na gaske a matakin ƙaramar hukuma. Kafin a fita, an zana taswirar kowace mazaɓa da hannu, an san rugage da ƙauyukan da ke bayan rafi, an ƙiyasta yaran da ke kowace unguwa, an raba ma'aikata rukuni-rukuni, kowane rukuni ya san gidajen da zai shiga ranar farko da ta biyu. An san yawan ƙanƙarar da za ta riƙe sanyin maganin har yamma. Ana shafa wa yaro alama a ɗan yatsa, a rubuta wa gida alama da alli a bango. Kowace yamma kuma a zauna a yi bitar abin da ya faru, a gyara na gobe. Da irin wannan aiki na tururuwa aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Ma'aikatan da suka iya bin yaro har ruga su ɗiga masa magani ba za su kasa tsara rabon buhu dubu biyu ba. Ba a tambayarsu ne kawai, domin shirya biki a wurinmu harka ce ta 'yan siyasa da 'yan kwangila, ma'aikacin lafiya sai dai a tuna da shi in wani ya faɗi.

Haka nan ba daga Turai za mu fara koyon wannan ba. Hawan Salla na Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024, taro ne na dubban dawaki da dubun dubatar 'yan kallo, amma kowane hakimi ya san gurbinsa a jerin, an san hanyar da Sarki zai bi ranar Hawan Daushe da wadda zai bi ranar Hawan Nassarawa, an san inda mai kallo zai tsaya da inda doki zai yi sukuwa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali a sigarsa ta yanzu tun 1934, dubban masunta kan tsaya a bakin Matan Fada da homa da gora a hannu, ba mai taɓa ruwa sai an ba da alama, Sarkin Ruwa da mutanensa kuma suna cikin kwale-kwale suna lura. Ko a gidan biki, uwar biki ta san tukunya nawa za a ɗora tun kafin a kai lefe. Ban ce waɗannan ba su da nasu haɗurran ba, doki yakan banke mutum. Amma akwai wanda aka sani da alhakin kowane abu, kuma an gaji tsarin ne daga kuskuren shekarun baya. Sakatariya kuwa kowane sabon ciyaman daga sifili yake farawa, domin ba a taɓa rubuta abin da ya faru a taron bara ba.

Da za a sake kirana irin wancan zama, abin da zan fara roƙo shi ne a raba biki da rabo. Wannan kaɗai zai kawar da mafi yawan haɗarin. In ciyaman yana son a ga hotonsa yana miƙa buhu, hakkinsa ne na ɗan siyasa, a yi masa biki a ɗakin taro da wakilai kaɗan daga kowace mazaɓa. Kayan kuwa a kai su mazaɓu, a raba a ranaku daban-daban, da jerin sunayen da aka liƙa a ƙofar gidan dagaci tun kwana uku kafin ranar, da kati mai ɗauke da rana da lokaci. Wanda ya san ba sunansa ba zai yi asubanci ya taho daga ƙauye ba, wanda kuma ya san buhunsa na jiransa ba shi da dalilin turawa. Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44. Hukumar zaɓe tana tara miliyoyin mutane a rana guda ba tare da turmutsitsi ba, saboda ta warwatsa su a rumfuna fiye da 176,000 a faɗin ƙasa. Sai dai na san dalilin da ya sa ba a son wannan shawara: jerin sunayen da aka liƙa a bango yana nuna buhu nawa aka raba, rabon rububi kuwa ba ya barin shaida. Wani lokaci hargitsin da muke ɗauka sakaci ne yana da masu cin moriyarsa.

Inda kuma taron ya zama dole, to a auna filin da ƙafa ko da igiya, a san mutum nawa zai ɗauka, a tsayar da shiga in ya cika. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, ta motocin manya daban, kuma kada a kulle ko ɗaya, a tsayar da mutum a kanta. Saudiyya ta koyi wannan da tsada: bayan rasuwar alhazai fiye da 340 a wurin jifa a 2006, ta rushe tsohuwar gadar Jamrat ta gina mai hawa-hawa, masu zuwa ta hanyarsu, masu dawowa ta tasu. Duk da haka a 2015, da ayari biyu suka yi karo a wani titin Mina, an yi rashin da har yau gidaje da yawa a ƙasar nan ba su manta ba. A can muka rasa Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jarida, da Farfesa Tijjani El-Miskin. Mutane biyu masu fuskantar juna a ƙofa ɗaya, ko a Mina ko a filin firamare, hukuncinsu ɗaya.

Sai lokaci. Mun mayar da jinkirin babban baƙo alamar girma, har ana ganin wanda ya zo a kan kari bai san darajar kansa ba. Amma a watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Kano da Maiduguri. Mutumin da ya yini a rana ba ruwa, ba inuwa, ba makewayi, wataƙila ma da azumi a bakinsa, ba shi ne mutumin da ya zo da safe ba. Kowace sa'a ta jira tana ƙara yawan jama'a, tana rage musu haƙuri. Kuɗin kajin rumfar manya zai sayi ruwan leda da zai wadaci fili guda. Kuma ya kamata a sami mutum ɗaya, sananne, wanda ba aikinsa ba ne tarbar baƙi, mai lasifika a hannu da lambar wayar baturen 'yan sanda da ta asibiti mafi kusa, wanda aka ba ikon ya ce a dakata ko da ciyaman na tsakiyar jawabi. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini, waɗanda ke tsare sahu a filin Idi da wuraren tafsiri shekara da shekaru, sun fi kowa sanin wannan aiki, kuma ba bulala suke amfani da ita ba. Bulala a cikin cunkoso fetur ce a kan wuta, domin wanda aka tsula wa baya zai ja, na bayansa kuwa ba su da inda za su.

Game da tarukan da wasu ke shiryawa, akwai abin koyi a Ingila. Bayan musibar filin ƙwallo na Hillsborough a 1989, wadda ta ci ran magoya bayan Liverpool 97, ƙananan hukumomin ƙasar suka riƙa kafa kwamitocin ba da shawara kan tsaron taro, inda jami'an hukuma da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motar asibiti ke zama da mai shirya taro su duba tsarinsa tun da sauran lokaci. Mu ma a takarda muna da abin da ya yi kama da haka, wato kwamitin agajin gaggawa da tsarin hukumar NEMA ya tanada a kowace ƙaramar hukuma, sai dai a wurare da yawa ba a jin ɗuriyarsa sai ambaliya ta ci gari. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokar cikin gida da za ta ce duk mai niyyar rabon kaya ga jama'a ya sanar da wannan kwamiti mako guda kafin ranar.

A nan dole in yi taka-tsantsan, domin na san halinmu. Dokar da aka yi don kare rai, gobe za a mayar da ita sandar hana 'yan adawa taro, ko kuma sabuwar hanyar karɓar kuɗin rasit. Mun ga yadda aka watsa gangamin jam'iyyar ANPP da barkonon tsohuwa a Kano a 2003 da hujjar rashin izini, har shari'ar da ta biyo baya ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ta yanke a 2007 cewa neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Don haka abin da nake nufi sanarwa ce da taimako, kyauta, ba lasisi ba. Attajirin da zai fitar da zakka ya zo a ce masa, “Alhaji, ga filin da ya fi ƙofar gidanka faɗi, ga 'yan agaji ashirin, ga yadda za ka raba kati ta hannun masu unguwanni.” Ban ga mai hankalin da zai ƙi wannan ba.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne kuɗin ƙananan hukumomi na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, ana kuma ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Amma ko da ba a saki ko kwabo ba, buɗe ƙofa ta biyu ba ya bukatar kasafi, haka ma liƙa sunaye a bango, haka ma zaman rabin sa'a kashegarin taro a rubuta shafi guda: mutum nawa suka zo, ina aka matsu, wa ya ji rauni, me za a sauya. A ajiye shi a fayil don wanda zai gaji kujerar.

Kwanakin baya na haɗu da aminin nan nawa a wajen ɗaurin aure, na tambaye shi labarin tsohon duba-garin. Ya ce ya yi ritaya, yana nan yana noma a garinsu. Na tambaye shi ko an taɓa rubuta rahoton abin da ya faru a filin makarantar. Ya ce rahoto ɗaya aka rubuta, na kuɗin da aka kashe, kuma har da kuɗin sabon kwaɗo a ciki, domin a ranar sai da aka fasa tsohon da dutse.